Wata takwas da sa wa ɗiyata na'urar ji: ta yaya zan gane maganarta na tafiya gaba?

Wata baiwar Allah ce ta aiko daga Tawa: "Assalamu alaikum Malama. Ɗiyata shekararta uku da wata biyu. Tana da shekara biyu da rabi aka auna kunnenta a Yamai, takarda ta nuna desibel 65 (ma'aunin ƙarfin sauti) a kunnuwan duka biyu. Muka yi ƙoƙari aka sa mata aparai, yau wata takwas ke nan. Babanta ya ce ta fara magana, tunda in ya ce mata 'ce Baba' tana cewa. Kakarta ta ce nauyin baki ne kawai, uban ma sai da ya kusa shekara huɗu. Ni kuwa in na ji ɗiyar maƙwabciyata, wadda aka haife su wata ɗaya, tana zuba kamar rediyo, sai in shige ɗaki in yi kuka. Randebunmu wata shida-shida ne. Ta yaya zan san ko gaba muke yi ko tsaye muke?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu da ɗawainiya, ƴar'uwa, Allah ya raya miki ita. Gyaran maganar yara shi ne aikina a nan Yamai, kuma tambayarki ita ce wadda na fi so iyaye su yi, sai dai ba kasafai ake yin ta ba.

Ku uku a gidan nan kowa da mudunsa. Maigida yana auna yarinya da abin da take maimaitawa, kaka tana auna ta da ubanta, ke kuma kina auna ta da ɗiyar maƙwabta. A cikin ukun babu mudun da zai ba ki amsa. Ki tuna lokacin da kike kai ta awo tana goye. Ma'aikaciya ba kilon ranar kaɗai take dubawa ba. Takan ɗiga ɗigo a karne, wata mai zuwa ta ɗiga wani, sannan ta kalli layin: hawa yake, ya kwanta, ko gangara ya soma. Ɗan ƙaramin jaririn da layinsa ke hawa ya fi kwantar da hankali bisa ƙaton da nasa ya kwanta wata uku. Maganar yaro mai ƙarancin ji haka ake bin ta. Bambancin kawai, a nan babu sikeli. Kayan awon su ne kaye mai shafi ɗari, da biro, da wayar da ke hannunki, kuma mai awon ke ce, don ni da ire-irena sau biyu a shekara muke ganinta, bayan tafiyar kilomita sama da 500 ta Ƙonni da Dutsi da Doso, yarinya ta gaji, ga baƙin fuskoki, ta ƙi buɗe baki. Abin da nake gani a awa ɗaya bai kai rabin abin da kike gani a wuni ba.

Kafin kaye, ɗiyarki tana da shekaru iri biyu. Akwai na haihuwa, uku da wata biyu. Akwai na ji, wanda ake ƙirgawa daga ranar da aka sa mata na'ura, wato wata takwas. Yaro mai ji yakan soma gwaranci mai gaɓa, ba-ba-ba, da-da-da, tsakanin wata 6 zuwa 10. Kalmar fari takan zo wajen shekara ɗaya. Tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu kalmominsa sukan kai hamsin, a nan ne kuma yake fara haɗa biyu: "Mama zo", "ba ruwa". A shekara uku yana yin jimla, a shekara huɗu baƙo yana gane kusan duk abin da ya faɗa. Wannan matakala ita ce ɗiyarki za ta hau, tsani bayan tsani, sai dai ta soma a makare. Ɗiyar maƙwabciyarki ta yi shekara uku tana shan magana ta kunne, har da wadda ba da ita ake yi ba, taki kuwa wata takwas.

Amma kada shekarun ji su zama mafaka. Na sha ganin an riƙe su ana cewa "ai jaririya ce a kunne" har shekara ta wuce. Ita ba jaririya ba ce. Kanta na mai shekara uku ne, ta san duniyar gidanku sarai, ta san abin da ake yi da buta da tsintsiya da ludayi, sunayen ne kawai ba ta samu ba. Saboda haka ya kamata ta fi jariri sauri. Mafi ƙarancin abin da muke nema shi ne kowane wata na ji ya haifar da ci gaban wata ɗaya. Ki yi lissafi kuma: in iyakar abin ke nan, tazarar da ke tsakaninta da sa'o'inta ba za ta ragu ba, haka za ta ɗauke ta har ƙofar ajin CI, wato ajin farko na firamare. Sai ta riƙa cin fiye da wata a cikin wata sannan tazarar ke matsewa. Shi ya sa saurin tafiyar muke aunawa.

Dalilin gaggawar sananne ne. A 1998 wata mai bincike a jihar Kolorado ta Amurka, Christine Yoshinaga-Itano, ta nuna cewa yaran da aka gano matsalar jinsu kafin wata shida sun fi waɗanda aka gano daga baya harshe, da tazara mai yawa. Ƙa'idar da ake bi can ita ce a auna jariri kafin wata 1, a tabbatar kafin wata 3, a soma taimako kafin wata 6. Ban kawo wannan don in ƙona miki rai ba. Mu nan ba a auna kunnen jariri a yawancin wuraren haihuwa, kuma ana kawo mini yara suna da shekara huɗu, biyar, har shida ba a taɓa duba su ba. Ke da kika kai ta tana biyu da rabi kin yi ƙoƙari. Icen bai bushe ba tukuna.

Kaka kuma a yi mata bayani da ladabi, don ba ƙarya take yi ba in ta ce yarinya tana ji. Hirar mutane ta yau da kullum ƙarfinta wajen desibel 60 ne. Wanda jinsa ya soma daga 65 yana jin tsawa, da ganga, da kukan jaki, da buga ƙyaure, da kiran da aka ƙwala masa. Abin da ke kuɓuce masa shi ne maganar da ake yi cikin natsuwa, wato ainihin wadda yaro ke koyon harshe daga gare ta. Juyowa in an buga kwano ba shaida ba ce. Ga gefen farin ciki kuma: a irin wannan matsayi na'urar ji takan yi aiki ƙwarai, in an saita ta daidai kuma ana sa ta.

"Ana sa ta" ɗin nan shi ne shafin farko na kayenki. Kowace rana ki rubuta awa nawa na'urar ta yi a kunne, na gaskiya, ba na kunyar likita ba. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2015, ya nuna yaran da ke sa na'ura sama da awa 10 a rana harshensu ya fi saurin bunƙasa. Yawancin na'urorin zamani suna ƙirga awoyin da kansu, mai saiti yana gani a kwamfuta, kuma sau da yawa adadinsa bai kai na iyaye ba. Na san inda awoyin ke zubewa: a cire don wanka a mance, a ɓoye ranar biki don kada dangin miji su yi ta tambaya, a adana don kada pil ya ƙare. Muddin idonta biyu, na'ura tana kunne, sai wanka da barci. In wata takwas ɗin nan awa uku-uku ne a rana, to shekarun jinta ba su kai wata takwas ba, kuma gara mu san haka kafin mu ɗora laifi a kan yarinya.

Ita na'urar ma tana da maƙiya a ƙasarmu. Ƙurar hunturu tana toshe ƴar kafar da sauti ke shiga, zufar bazara tana shiga cikinta, dattin kunne yana cika robar da ake cusawa. Da dare a goge, a buɗe gidan pil, a sa a cikin gwangwanin busarwa. Kunnen yaro yana girma, roba ba ta girma, in kin ji na'urar tana yawan fito alhali an sa ta daidai, alama ce robar ta yi kaɗan. Ki sayo pil da yawa in kin zo Yamai, ki ajiye inda hannun yara ba ya kai, don haɗiye shi haɗari ne na a ruga likita nan take.

Shafi na biyu shi ne gwajin safe, minti biyu rak. Wani masani da ya yi aiki a Kanada, Daniel Ling, ya zaɓi sauti shida da suka ratsa faɗin maganar ɗan Adam daga mai kauri zuwa siriri: mmm, uuu, aaa, iii, shhh, sss. Ki sa mata na'urar, ki zauna a bayanta ko gefenta inda ba ta ganin bakinki, tazarar taki ɗaya. Ki ba ta murafen kwalba da kwano, ki koya mata: in ta ji, ta jefa ɗaya. Ki faɗi sautin da murya irin ta hira. Kada ki ja sss ɗin ko ki ƙara masa ƙarfi don tausayi, kuma kada hucin bakinki ya taɓa wuyanta. Ki riƙa sauya jeri, ki sauya tsawon jiran da ke tsakani, wani lokaci ma ki yi shiru ki ga ko za ta jefa. Yaran nan gwanayen karanta mutum ne, in kina bin kari ɗaya, karin za ta bi. Wanda ta ji ki sa alama, wanda ba ta ji ba ki bar gurbi. In ta gwanance, ki matsa taki biyu, uku, sannan ki nemi ta maimaita abin da ta ji maimakon jefawa. Lokaci-lokaci a gwada kunne ɗaya-ɗaya, don mai kyau yakan rufa wa ɗan'uwansa asiri.

Amfanin wannan shafi ya wuce yadda ake zato. Yarinyar da kullum take jin shida, yau da safe ta rasa sss da shhh, wani abu ya faru a daren jiya: pil, toshewa, ko mura ta tara ruwa a bayan dodon kunne. In kuwa tun farko ba ta taɓa jin sss ba, saitin ne ke son gyara, kuma za ki je da hujja a rubuce. In tana rikita uuu da iii, wannan ma labari ne, domin su biyun gindinsu mai kauri kusan ɗaya ne, siririn sama ne ya raba su, rikita su na nuna saman bai isa gare ta ba.

Daga nan sai fahimta, wadda kullum take gaban furuci. Ji hawa-hawa ne: sanin an yi sauti, sai rarrabe wannan da wancan, sai gane sautin na wane abu ne, sai fahimtar zance. Ki jera abu huɗu a tabarma, takalmi, cokali, ƙwallo, kofi, ki ce "ba ni cokali". Sai dai ki kama kanki. Mu da baki da ido da haɓa muke nuni ba mu sani ba, uwa takan ce "ɗauko" ta riga ta tura leɓe wajen abin. Haka in kin miƙe lokacin salla kin ce "kawo buta", sa'ar ta karanta, ba kalmar ba. Gwajin gaskiya shi ne umarnin da ba ta saba ba: "sa takalmi cikin kwano", "ba akuya kofi". In ta tsaya ta kalle ki tana dariya, ta fahimta. Ki rubuta kalma nawa take ganewa ta kunne zalla, kuma abu nawa take iya riƙewa a umarni ɗaya: ɗaya, sai biyu ("ba ni cokali da ƙwallo"), sai uku.

Yanzu ga maganar maigida, a gaya masa da daɗin baki don ya cancanci yabo, ba kowane uba ke zama yana cewa "ce Baba" ba. Maimaitawa mataki ne mai kyau, tana nuna sauti yana shiga kuma baki yana iya bi. Amma aku ma yana maimaitawa. Kalma tana zama tata ne ranar da ta ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida ta ce "Baba" ba wanda ya sa ta. Saboda haka shafin kalmomi a raba shi gida biyu: abin da ta maimaita, da abin da ta faɗa don kanta. Na biyun ne muke ƙirgawa. Sharuɗɗansa uku ne: ita ta soma, tana nufin abu takamaimai, kuma ta yi shi fiye da sau ɗaya a yanayi dabam-dabam. Kyan furuci ba ya cikin sharaɗi. In kullum "uwa" take ce wa ruwa, kalma ce, ki rubuta "uwa" yadda ta faɗa, a gefe ki sa ruwa, da kwanan wata. "Mee" in ta ga akuya kalma ce. "A'a" kalma ce, babba ma. Bayan wata biyu in "uwa" ta koma "luwa", ki sake rubutawa, don wannan ma hawa ne.

Ƙarshen kowane wata ki tara jimilla, ɗigonki ke nan. Kalma biyar, wata mai zuwa tara, na gaba goma sha shida, wannan layi ne mai hawa ko da ɗiyar maƙwabta tana da ɗaruruwa. Ki duba irin kalmomin kuma. In duk sunaye ne, Mama, Baba, nono, mota, to ba ta da abin haɗa jimla. Tana bukatar na aiki, zo, ba, ci, tafi, buɗe, da irin su babu, ƙara, zafi, nawa. Iyaye sun cika nuna abu suna faɗin sunansa, su mance da abin da ake yi da shi.

In a gidanku ana yin wani harshe bayan Hausa, Buzanci ko Fillanci ko Zabarmanci ko Faransanci, duka a ƙirga su a kaye ɗaya. Kuma ina roƙonki kada wani ya sa ki daina yi mata Hausa ki koma Faransanci wai don lakwal. Harshen da kika fi sakewa a cikinsa, wanda kike rarrashi da faɗa da waƙar daka da shi, shi ne zai ba ta magana mai yawa mai daɗi. Yawancin gwaje-gwajen da ke ofisoshinmu an tsara su ne da Faransanci don yaran Faransa, da hotunan abubuwan da ɗan Adar bai taɓa gani ba. In aka gwada ta da su ta faɗi, ba lalle harshenta aka auna ba. Kayenki ya fi su sanin ta. Haka in ta ce "hura" ko "hwara" maimakon "fura" ko "fara", ba kuskure ba ne, Hausar garinsu ta ji, kada wani ya gyara mata.

Da kalmomi sun doshi hamsin, ƙirga su ɗaya-ɗaya ya soma wuya, sai a koma tsawon zance. Kowane wata ki rubuta jimloli uku mafi tsawo da ta yi don kanta, yadda suka fito, kada ki cike mata giɓi. In ta ce "Baba tafi", kada ki rubuta "Baba ya tafi", domin wannan "ya" ɗin da ta tsallake shi nake nema. Nan ne nake so ki buɗe kunne sosai, saboda Hausa tana da nata wurin sauƙi da nata wurin tarko. Sauƙin shi ne karin sauti da tsawon wasali. Abin da ya raba kuka na hawaye da kuka ta miya, ko gari na zama da gari na tuwo, ko "ta zo" ta riga ta iso da "ta zo" a kira ta, yana tafiya ne a kan sashen murya mai kauri da kuma tsawon lokaci, waɗanda yawancin yara masu ƙarancin ji suka fi samu. Shi ya sa za ki ji yaro yana rera waƙar jimla daidai tun baƙaƙen ba su fito ba. In kin ji tana haka, ki rubuta, alheri ne. Tarkon kuwa ƴan ƙananan kalmomi ne masu wucewa da sauri, waɗanda baƙi ɗaya ya raba: ya da ta da ka, mun da kun da sun, shi da ki, na da za, da "ba" ta ƙarshen korewa. A kansu nahawunmu ya rataya, su ke faɗin wa ya yi, yaushe, namiji ko mace. Sai sirarran sautuka, s, sh, ts, c, z, f, waɗanda su ne na farkon ɓacewa. In ta shekara tana jimla amma ba ta raba "ya" da "ta", ko s bai taɓa fitowa ba ko a gurguje, ki koma shafin sauti shida ki duba. Su kuwa r mai kaɗawa da bambancin baki da baƙi, kafa da ƙafa, kada ki matsa mata a kansu yanzu, ba su ne na gaba a layi ba.

Sau ɗaya a wata ki jingine waya ki ɗauki bidiyo na minti biyar zuwa goma, a yanayi iri ɗaya kullum, misali kuna wasan girki a tabarma, rediyo da tele a kashe. Kada ki mai da shi jarrabawa, "mene ne wannan, mene ne wancan". Ku yi wasa kawai. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai idon uwa da ke ganin yaro kullum ba ya ganin girmansa. Ranar da kika kalli bidiyon watan Janairu kusa da na Yuni za ki ga abin da ya wuce ki. Za ki ga kanki kuma: ko kina ba ta sarari ta amsa, ko ke ce kike tambaya kina amsawa. In kin yi mata magana ki ƙirga biyar a zuci kafin ki ƙara. Ki kuma kunna wa wata wadda ba ta saba da ita ba, ba tare da ta kalli hoton ba, ki tambaye ta me ta gane. Ke kina gane ta ko da ido ta yi magana, wannan ba awo ba ne.

To in layi ya kwanta fa? In wata uku suka wuce babu sabuwar kalma, ko babu ƙarin tsawo, ko ta bar abin da ta iya, ko ta soma fizge na'urar da ta saba da ita, ko kunne ya soma ruwa, kada ki jira randebu. Kuma bincike yana da jeri. A fara da na'ura da roba da saiti. Sai kunnen kansa: datti, ruwan mura, ko jin ya ƙara raguwa, don wasu nau'o'in suna ƙaruwa, shi ya sa ake maimaita awon kunne a kai a kai a wannan shekaru. Duba datti da ruwa ba sai an zo Yamai ba, a soma da babbar likitar Tawa. Sai awoyin sawa. Sai yawan maganar da ake yi da ita fuska da fuska, kusa, domin duk lokacin da tazara ta ninka ƙarfin murya yana raguwa da wajen desibel 6, kiran da kike yi daga madafa tana zaure rabinsa iska ce ta sha. Sai an gama da waɗannan sannan a tambayi ko akwai wata lalura tare da ta kunne, ta gani ko ta koyo ko ta mu'amala. Yarinyar ita ce ta ƙarshe da ake tuhuma, a gidaje kuwa da ita ake farawa, a ce taurin kai ne. Kuma don Allah kada a kai ta wajen wanzami a yanke linzami ko a cire beli da sunan sakin harshe. Harshenta lafiya lau yake, ciwo da zubar jini kawai za a jawo mata.

Ba ki faɗi sanadin abin ba, yana da amfani a sani. In bayan sanƙarau ne, wanda muka sha fama da shi, irin annobar 2015 da ta fi tsanani a Yamai, to a bi ta kusa-kusa, don ciwon yakan sa lungun kunne na can ciki ya cike da ƙashi, kuma in har za a bukaci dashen na'ura ta tiyata, jinkiri yana rufe ƙofar. In kuwa da shi aka haife ta, musamman in auren zumunci ne, a auna ƙannenta tun suna jarirai, ba sai an ga alama ba.

Akwai abin da wasu abokan aikina ba sa son faɗa wa iyaye da wuri, ni kuwa ina faɗa. Sama da kashi 90 cikin 100 na yaran da ba sa ji iyayensu masu ji ne, shi ya sa maganar hannu take ba su tsoro, suna ganin in yaro ya kama ta ya bar baki ke nan. Ba haka ba ne. Abin da ke cutar da ƙwaƙwalwar yaro shi ne zama babu harshe ko ɗaya a shekarun fari. Alamun da take yi da hannu yanzu ki buɗe musu nasu gida a kaye, ki amsa su, ki ɗora kalmar a kai. Da desibel 65 da na'ura mai kyau ina sa ran baki zai yi gaba. Amma in an gyara duk abin da na lissafa, wata shida suka wuce layi yana kwance, to a ƙara maganar hannu da gaske, gida duka su koya, ba a matsayin an sare ba. Akwai makarantar kurame ta Hasan Bana Ba a nan Yamai, akwai a Maraɗi da Damagaram, akwai kuma manyan kurame a Tawa masu sana'a da iyali waɗanda zama da su zai rage miki kukan ɗaki.

Ɗiyar maƙwabciyar nan kuwa, ki daina gudunta, ki jawo ta. Ki zaunar da su biyu a wasan ba-ni-cokali, ki fara da mai jin, taki tana kallo. Yaro yakan ɗauki abu daga ɗan'uwansa yaro wanda ya ƙi ɗauka daga babba.

Tunda saura lokaci kafin randebu, ki soma gobe da safe: sauti shida, awoyi, da jerin duk kalmar da take faɗa don kanta a yau, ko uku ce. Ki sa maigida ya riƙe shafin awoyi, kaka kuma ki roƙe ta ta riƙa gaya miki in ta ji sabuwar kalma, tunda ita ke wuni da ita a tsakar gida. Ranar tafiya ki taho da kayen, da wayar, da takardar awon kunne ta farko, da na'urorin duka biyu har da kwalinsu. Ki nemi a sake auna jinta da na'ura a kunne da kuma babu, a karanta miki awoyin da kwamfuta ta nuna, a duba ko robar ta yi kaɗan. In kin samu hali kafin nan, ki turo mini hoton shafin kalmomi na wata biyu a jere in duba.